Tauren Dokta Jibrilla

Da sunan Allah muke buɗewa, Shi da ke ba da rai Ya kuma karɓi abinSa ranar da Ya so. Tsira da aminci su tabbata ga Annabi Muhammadu da alayensa da sahabbansa.

Wakilan iyayen ƙasa na Isa da Sabon Birni, Allah Ya ja zamaninku. Malamanmu limamai, Allah Ya gafarta muku. Wakilan ƙananan hukumomin biyu, masu unguwannin Turba da Kurawa, shugabannin makiyaya, da abokan aikin marigayi da sunka taso daga birni. Hajiya Saudatu, yayar marigayi, wadda ta goya shi. Malama Jamilatu, mai ɗakinsa. Ɗiyansa, Ibrahima da Maryamu. Jama'ar Turba maza da mata, assalamu alaikum.

Sunana Malami Ɗanmusa, mutumen Isa. Ni ba dokta ba ne, ba kuma farfesa ba. Shekara ashirin da ɗaya na yi a ɗakin gwaje-gwajen Dokta Jibrilla Na'Allah, ina wanke kwalabe, ina haɗa ruwan gwaji, ina tsaron firiza idan wuta ta ɗauke. Da yawanku kuna mamakin yadda anka bar manya zaune anka miƙo mini lasifika. Shi ya zaɓe ni tun yana da rai. Cewa ya yi idan anka ba farfesoshi za su yi ta Turanci har la'asar, su kuma yabe shi da halayen da ba shi da su.

Ya kasance mutum mai ƙarancin magana, har abin ya kan ba da haushi. Sai ka yi tafiyar Sakkwato zuwa Isa da shi a mota ɗaya, bai ce maka komai ba ban da "Buɗe gilas."

Ya kasance ba ya sa hannu a sakamakon da bai gani da idonsa ba. Sau uku ake maimaita gwaji a ko'ina, shi sai biyar. Ɗalibai sun yi kuka da shi, ni ma na yi, a bayan idonsa.

Ya kasance duk kaka sai ya zagaya Turba da Kurawa da ƙauyukan bakin iyaka, yana roƙon tsofaffi zangarniyar gero ɗaya-ɗaya daga irin da sunka gada. Mun riƙa yi masa dariya, muna cewa dokta ya koma kalar gona. Shekarar da fara ta cinye gonaki, mutane sunka cinye irinsu don yunwa, daga ɗakinsa irin nan ya dawo mana a ƙulle-ƙulle, kowane da sunan gidan da ya fito. Akwai masu zaune a nan da ke shuka geron kakanninsu yau saboda wannan.

Ya kasance kuma mai kuskure, kamar kowa. Kan wani kuskurensa ne ya bar mini amana, kuma ita ta tsayar da ni gabanku.

Ba sai mun ɓoye wa juna ba. Kowa a nan ya san maganar da ake yi a kasuwar Isa da tashar mota, shekara bakwai ke nan: wai Dokta bai zama farfesa ba don yayarsa ta yanka masa farfesan ta dafa. Wasu da wasa suke faɗi, wasu da gaske. Hajiya Saudatu ta ji, kuma ta yarda. Tun daga lokacin ba ta sake dafa masa abinci da hannunta ba, ba ta sake ɗaure dabba a gidanta ba, ita da duk Turba anka sani da hannun kiwo. Dokta ya ce in faɗi yadda abin ya faru a gaban jama'a, tunda a gaban jama'a anka ɓata ta. Ya ce kuma in fara da bayanin aikinsa, da Hausa, yadda kowa zai gane. To za ni gwada.

Kowane abu mai rai, mutum ko akuya ko gero, an gina shi da ƙwayoyin halitta ƙanana da ido ba ya gani. A cikin kowace ƙwaya akwai ma'aikata da ake kira furotin, iri dubbai, kowane da aikinsa. Wani ya kan lalace, wani aikinsa ya ƙare, wani kuma zamansa ya koma nauyi. Ƙwayar ba ta barin su su taru. Akwai wani furotin na musamman, mu muna ce masa enzayim, wanda aikinsa shi ne ya bi ya liƙa wa irin waɗannan shaida. Duk wanda anka liƙa wa, sai a kai shi a narke, a yi wani abin da kayansa. Makiyaya sun san wanga aiki. Idan fari ya tsananta, maigida ya kan zagaya garke ya ware waɗanda za a fitar don sauran su kai damina. Dokta ya lura akwai geron da ke yin wannan warewar da wuri idan ruwa ya ɗauke, ya tsira, akwai kuma wanda ke jinkiri, ya bushe. Yana son ya ga enzayim ɗin da idonsa, ya auna yawansa a cikin kowane iri, don a san wanne za a ba manoma.

Matsalar ita ce ba a ganinsa. Sai da wani abu da ake kira antibodi, wanda ke kama shi shi kaɗai a cikin dubban furotin, ya nuna inda yake. Irin wanda muke buƙata ba a sayar da shi ko'ina a lokacin, don babu wanda ya damu da geron Gobir. Jikin dabba ne ke yin sa. Ana tace enzayim ɗin, a yi wa dabba allurarsa kaɗan-kaɗan, wata bayan wata. Jininta ya ɗauke shi baƙo, ya ƙera abin kama shi. Bayan wata shida sai a sa sirinji a jijiyar wuya a ɗebi jini kamar cikin moɗa, a tace. Dabbar ta tashi ta ci gaba da cin harawarta, bayan makonni a sake ɗiba. Ina roƙon a riƙe wannan: ba a yanka ta. Duk amfaninta yana cikin jininta, tana raye.

Shekara biyu munka yi muna tace enzayim ɗin. Abin da munka samu bai cika cokalin shayi ba, kuma dabba ɗaya kawai zai isa.

Wannan ya zo daidai da damanar da ruwa ya ɗauke tun gero bai yi ido ba, fara ta zo ta gama da abin da ya rage. Gidan dabbobin da muke amfani da shi a birni, awaki na mutuwa a ciki kullum. Dokta ya ce ba ya sa aikin shekara biyu a jikin dabbar da ma'aikaci ke mantawa da ita ranar Lahadi. Ya ce mutum ɗaya ya sani a duniya da dabba ba ta mutuwa a hannunta. Ya sayi jan taure, munka liƙa masa lamba a kunne, munka kawo shi nan Turba.

Ina tsaye ya ce mata, "Yaya, ga taure. Ki ɗaure shi turke, kada shi bi garke. Za ni riƙa aiko da dusa da harawa."

Ta duba haƙoransa, ta taɓa ƙirjinsa, ta ce, "Jibo, na mi na?"

Ya ce, "In lokaci ya yi za ni zo."

Iyakar bayanin ke nan. A mota na ce masa, ranka ya daɗe, da ka gaya mata. Ya ce idan Turba ta ji yana ɗibar jinin dabba mai rai yana sa wa a kwalba, kafin Juma'a an ce ɗan Na'Allah ya shiga tsafi, kuma ita za a riƙa nunawa a bakin rijiya. Wannan dalili ne, ban ce ba dalili ba ne. Amma akwai na biyu, kuma da bakinsa ya faɗa mini shi a asibiti: ya ɗauka ba za ta gane ba. Ta yi masa goyo, ta sayar da ɗan kunnenta ya tafi sakandare, amma bai ga ta isa a zauna a yi mata bayanin minti goma ba.

Ni nake zuwa kowane wata in yi allurar. Duk zuwa sai Hajiya ta tambaye ni, "Malami, wagga allura ba ta ƙarewa?" In ce mata rigakafi ce. Sau shida na faɗa mata haka. Ku rubuta wannan a kaina, ba a kan Dokta ba.

Waɗanda sunka ga bazarar nan ba sa buƙatar in tuna musu. Shanu na faɗuwa a hanyar Kurawa, ba mai ƙarfin jan su gefe. Gidaje da yawa anza, 'ya'yan itacen dajin nan masu ɗaci, ake jiƙawa kwana uku a ci. Hatsin da Dokta ke aiko wa Hajiya, rabawa take yi da maƙwabta, wani lokacin ita ma ta kwana da anzar. Amma buhun dusar tauren nan ba ta taɓa ɗibar ko tafi ɗaya ta dama ba, alhali wasu gidajen dusar suke tuƙawa. Mahauta sun yi ta zarya, ta kore su. Kafin wata shida, a duk Turba babu dabba mai nama a jiki sai shi.

To, jama'a, ku duba da kanku. Mutum ya kawo taure, ya ce a ɗaure shi turke, yana aiko da dusa, ya ce in lokaci ya yi zai zo. Mu nan mene ne sunan wannan? Turka ce. Kowa ya san inda dabbar turka take ƙarewa. Sai ga saƙo ta hannun direban motar Sakkwato cewa ranar Laraba Dokta na tafe da babban baƙo daga Yamai.

Baƙon shi ne Farfesa Yari, masanin gero, wanda zai karɓi rabin antibodin su gwada a nasu irin, a haɗa aikin ƙasashen biyu. Munka iso da hantsi, ni da kula cike da ƙanƙara da sirinji da kwalabe. Tun daga ƙofar gida na ji ƙamshin suya, a garin da anka yi wata uku ba a ji shi ba. Muna shiga na ga jar fata a shanye an kafe ta da tsinke. Kan yana gefe cikin kwarya, da lambarmu a kunne.

Hajiya ta fito da zanenta na Salla. Ta gaishe da baƙo, ta juya ta ce, "Jibo, taurenka ya kai. Wata shida ban bar shi ya kwana da yunwa ba. Baƙonka ba shi komawa shi ce an yi mai rowa Turba."

Na dubi Dokta. Ya daɗe yana kallon fatar, sannan ya ce, "Sannu da aiki, Yaya."

Ya zagaya bayan gida inda Ɗan'auta mahauci ke wanke wuƙa, ya tambaye shi inda anka yi yankan. Ɗan'auta ya nuna masa. An tona rami, jini ya zuba, an rufe da ƙasa, kamar yadda kowane Musulmi ke yi. Dokta ya durƙusa da farar rigarsa, ya sa hannu biyu yana kwasar yashin yana zubawa a kular da na kawo. Ɗan'auta na tsaye yana kallo. Ban ga laifinsa da ya ba da labari ba, ni ma da ban san dalili ba da na ba da.

Daga nan munka zauna a tabarma. Na raɗa wa Farfesa Yari abin da ya faru, ya ajiye tsokar da ke hannunsa. Dokta ya ce masa, "Ci, Farfesa. Ba a mayar mata da kwano cike." Ya ci. Dokta ya ci. Ni ma na ci, kuma naman ya yi daɗi, har yau ina jin haushin haka. Sauran an raba wa unguwa, gida goma sha ɗaya sun sa nama a tukunya ranar.

Yashin nan mako uku munka yi muna wanke shi muna tacewa. Ba mu samu komai ba. Farfesa Yari ya koma da kula babu kome, aikin haɗin gwiwar ya mutu. Kafin mu sake tace wani enzayim, wasu a wata ƙasa sun riga mu fitar da makamancin binciken a kan wata shuka. Munka gwada da zomaye a birni, antibodin ya fito da rauni, yana kama abin da ba a aike shi ba. Takardun da ake buƙata don zama farfesa ba su cika ba. Wannan duk gaskiya ne, ba za ni rage komai ba don a ji daɗi.

Labari ya kai wa Hajiya ta bakin mutane, a karkace. Ta tumɓuke turken ta sa a murhu. Idan Dokta ya zo gida, daga gidan maƙwabta ake kawo masa tuwo. Na san sau uku ya ɗauko maganar, kowane sai ta ce lokacin salla ya yi, ta tashi. Shi kuma ba gwanin bin mutum da magana ba ne. Haka sunka yi shekara bakwai suna gaisuwa kamar surukai.

Ranar Talatar ƙarshe da na gan shi a asibiti, bayan azahar, Malama Jamilatu na zaune, tana iya shaida. Ya ce, "Malami, na ƙare rayuwata ina nazarin yadda ake ware abu don a halaka shi, ni kuma na yi wa taurena duk abin da ake yi wa na yanka, na ce ba komai. Yaya ta yi abin da uwarmu za ta yi. Ka gaya musu." Na ce to. Ya ce, "Kada ka ƙawata." Ina fata ban ƙawata ba.

Hajiya Saudatu, yanzu da ke nake. Bayanin da na yi ɗazu na ƙwayar halitta da enzayim da jini, ba don manyan baƙi na yi shi ba, su gafarce ni. Naki ne. Shi ne amsar tambayar da kinka yi ranar da munka kawo taure, ya zo a makare da shekara bakwai. Ba ki yanka farfesan kowa ba. An ba ki amana ba a gaya miki ko ta mece ce ba, kinka riƙe ta da yunwa a cikinki, kinka fita kunyar ƙanenki a gaban baƙonsa. Shi ya ɓoye miki, ni na yi miki ƙarya. Shi ya riga mu, ya ce ki yafe masa. Ni ga ni tsaye, ina roƙon ki yafe mini.

Saura abu ɗaya. Kafin ciwo ya kwantar da shi, mun gama tace enzayim na uku, wannan karon ya isa dabba biyu. Yana cikin firiza, Maryamu ce za ta ci gaba da aikin tare da ɗalibansa. Bana ma kun ga yadda damina ta yi mana, rumbuna ba su kai rabi ba, don haka tambayar da ya mutu yana yi tana nan. Abokan aikinmu sun ce a ajiye dabbobin a birni. Dokta ya rubuta da hannunsa cewa a kawo su Turba, in Yaya ta yarda. In ba ta yarda ba kada a matsa mata, a mayar da su. Jajayen taure biyu ne, suna nan ɗaure a jikin motarmu bayan ajin can na makarantar nan, da dusarsu da harawarsu. Allura shida, wata shida, sannan a ɗebi jini a wuya. Ba a yankawa, ko wa ya zo.

Ba sai kin amsa yanzu ba, Hajiya. Muna nan har la'asar, kuma idan...

Na'am? A ɗan yi shiru a wajen maza, don Allah.

To. Ga waɗanda ke baya ba su ji ba, Hajiya ta ce tun da anka fara taro take jin kukansu. Ta ce wanda ya ɗaure su cikin rana kusa da ƙarfen mota bai san akuya ba, a kwance su a kai su inuwar gidanta, a ba su ruwa kaɗan-kaɗan, kada a bari su sha da yawa lokaci ɗaya. Ta ce kuma taure biyu ba su zama turke ɗaya, a sassaƙo biyu.

Ni na ɗaure su, Hajiya. Ibrahima, tashi ka kwance su.

Jama'a, ku yi mini haƙuri kaɗan.

A madadin iyalan marigayi da abokan aikinsa, muna godiya ga iyayen ƙasa da malamai da duk wanda ya bar gonarsa ko garkensa ya zo. Muna godiya ga mutanen Kurawa da sunka kawo nono duk da halin da ake ciki, da hukumar makarantar nan da ta ba mu fili.

Ya Allah, ga bawanKa Jibrilla ɗan Na'Allah ya zo gare Ka. Ka gafarta masa abin da ya faɗa da abin da ya yi shiru a kai. Ka yalwata kabarinsa, Ka sa geron da ya mayar wa mutane ya zama shaida gare shi. Ka ba Malama Jamilatu da ɗiyanta haƙuri. Ka sanyaya zuciyar Hajiya Saudatu, Ka sa albarka a hannunta kamar yadda Ka saba. Ka ba mu ruwa mai amfani, Ka jiƙan dabbobinmu da ba su da bakin roƙo. Idan tamu ta zo, Ka sa mu cika da imani, ba mu bar wa wani maganar da ya kamata mu faɗa da bakinmu ba.

Amin. A yi Fatiha.